Takardar Cikin Tulun Hasumiya

Duk wanda ya yi aikin rufi a Praha, babban birnin ƙasar Cek, cikin shekara arba'in da suka wuce ya san Vendelin Kubat, kuma da wuya ka sami wanda zai ce maka ya taɓa jin daɗin gaisawa da shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa sun yi kanta har ba ya jin zafin ƙarfen liƙi. In ka ce masa ina kwana, sai ya ɗaga kai ya dubi gajimare tukuna kafin ya ga damar amsawa. Amma ka ba shi fallen tagulla da guduma ka nuna masa hasumiya, to ka huta. Kirarin nan da ake yi wa garinmu na mai hasumiya ɗari, shi cewa yake yi rowa aka yi wa garin, domin waɗanda ya hau da ƙafarsa kaɗai sun kai sittin da ɗaya.

A unguwar Karlin aka haife shi, a hawa na biyu na wani gida da kullum yake warin dafaffen kabeji. Yana ɗan shekara goma sha biyu tankokin yaƙi suka shigo gari, manya suka kulle ƙofofi suka kasa kunne ga rediyo, shi kuwa ya bi ta tagar ɗakin shanya ya haye rufi don ya gani da idonsa. Ubansa ya yi masa dukan tsiya da ya sauko. Dukan bai yi amfani ba, ya riga ya ga yadda garin yake daga sama, jan rufi bayan jan rufi har bakin kogi. Bayan shekara uku aka kai shi makarantar koyon sana'a, aka zaunar da shi benci ɗaya da Otmar Beranek, kuma daga ranar nan ciwon ransa ya soma.

Otmar dogo ne, mai fara'a, irin mutanen da ko tsayawa suka yi a layin nama sai mai sayarwa ta zaɓo musu tsoka. Aikinsa na hannu ba laifi, amma bai kama ƙafar Vendelin ba, kowa ya sani, shi ma bai taɓa musu ba. Abin da yake da shi baki ne da rubutu. Kai, rubutun Otmar! In ya rubuta sunanka sai ka ji kamar ka zama wani. Malamai shi suke ba wa takardun bango, 'yan mata shi suke roƙo ya rubuta musu katin biki. Vendelin kuwa in ya kama alƙalami sai ka ce kaza ce ta yi tono a kan takardar.

Shekara goma sha biyu suna hawa tare. Wata safiya da aka kwana ana ruwa, ƙafar Otmar ta zame a kan rufin wata tsohuwar makaranta, Vendelin ya cafko shi ta ɗamara, amma gwiwarsa ta riga ta daki indararo ta farfashe. Tun ranar Otmar bai sake hawa abin da ya fi kujera tsawo ba. Vendelin ya tausaya masa da gaske, har ya ɗauka zancen ya ƙare, gurgun mai rufi ai sai gadi. Ina! Shekara uku bayan haka mutane suka cika dandali suna kaɗa makullai, gwamnati ta faɗi, aka ce kowa yana iya buɗe kamfaninsa. Kafin Vendelin ya gama tunanin ko abin zai ɗore, Otmar ya sayi tsohuwar mota ya rubuta BERANEK a jikinta da hannunsa, ya zo har gida ya ce masa ya zo su yi aiki. Vendelin ya ce zai taya shi na wata ɗaya ko biyu. Ya yi shekara talatin.

Ba a taɓa zaluntarsa ba, wannan kam ko shi ba zai faɗa ba. Abin da ke cin ransa daban ne. Za a gama hasumiya, shi ya yi wata takwas yana shan iska da kashin tattabaru a can sama, sai 'yan talabijin su zo su kafa na'urarsu a ƙasa, su sa Otmar a gaba da farar hular kwano wadda ko ƙwarzane babu a jikinta, yana nuna sama da yatsa yana cewa "mun yi", "mun gyara". Da yamma Svatava, matar Vendelin, za ta ƙwala masa kira daga falo ya zo ya ga Otmar. Shi kuwa sai ya yi tsaki ya ce ya gan shi da rana, bai canza ba. Duk Kirsimeti katin Otmar zai iso, Svatava ta jingina shi a kan kabad tana yaba rubutun, Vendelin ya bi bayanta ya kifa shi. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye Karlin, gidansu ya yi wata biyar ba ya zaunuwa, Otmar ne ya kwashe su ya ba su ɗaki biyu a gidansa na kan tudun Smichov. Svatava har gobe in ta tuna sai ta yi ƙwalla. Vendelin kuwa wata biyar ɗin nan yana cin abincin Otmar yana jin kamar ƙasa yake tauna.

Aikinsa na ƙarshe kafin ya yi ritaya wata ƙaramar coci ce a Mala Strana, a wani lungu da masu yawon buɗe ido ba su cika shiga ba. Rufin hasumiyarta ya ruɓe, sai an sauke komai, har da tulun tagullar da ke can ƙoli a ƙarƙashin gicciye. Mai rufi kuwa ba abin da yake ɗoki kamar sauke tulu, domin ba a taɓa mayar da shi fanko. Duk waɗanda suka gyara hasumiya sukan bar takarda a cikin bututun tagulla, su liƙe bakinsa da dalma, su jefa cikin tulun don waɗanda za su hau bayansu.

Bututu huɗu suka tarar. Aka kai su ɗakin Fada, limamin cocin, aka kira wata malama daga gidan adana tsofaffin takardu, ta sa farar safar hannu. Vendelin ne ya yanke bakunan, sannan ya koma jikin bango ya harɗe hannu yana saurare.

Takardar da ta fi tsufa da Latin aka rubuta ta, shekara uku bayan sojojin Suwidin sun mamaye wannan gefen kogi sun kasa ƙetare gada, mai rubutun yana kukan cewa sun kwashe har fitilun cocin. Ta biyu da Jamusanci, bayan mutanen Furusiya sun yi wa garin ruwan harsashin igwa, ɗaya ya fille kan hasumiyar. Ta uku da harshenmu na Cek, tana ba da labarin ruwan da ya karya tsohuwar gada da yadda ake rushe tsofaffin lunguna don a yi manyan tituna. Ta huɗu da tafireta aka buga ta, shafi biyu cur na yabon gwamnatin ma'aikata, amma da malamar ta juya bayanta sai ga rubutun fensir na wani mai rufi, yana cewa duk abin da ke gaba a bar shi a gaba, gaskiyar magana ita ce ƙusoshin da aka ba su ba su da kyau. Kowa ya yi dariya ban da Vendelin.

Shi wani abu ya ji wanda ba wanda ya kula da shi. A kowace takarda akwai sunan babban malamin coci, da na magajin gari, da na maigidan da aka ba aikin. Daga nan sai a ce "da mutanensa". Shekara kusan ɗari huɗu, sarakuna sun zo sun wuce, harshen rubutun ma ya canza sau biyu, amma wanda ya hau ya buga gudumar sunansa bai canza ba, "mutanensa" ne. Ya sa malamar ta sake karanta masa wurin, ta karanta. A takardar Jamusancin kuma akwai wani gurbi da suna ya goge, malamar tana ta nazarin ko laima ce ko ƙwaro. Vendelin ya leƙa sau ɗaya ya ce wuƙa ce, kuma wanda ya kankare ya san mai sunan sarai. Ta tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya ce shi dai ya sani.

Da aka zo maganar sabuwar takarda ko shawara ba a yi ba. Fada ya dubi Otmar ya ce ai ga mai rubutu a zaune. Vendelin ya kau da kai. Ba wai yana son a ba shi ba ne, ya san hannunsa. Amma a ce ko kallonsa ba a yi ba! Daga ranar nan abu ɗaya ke yawo a kansa in yana bugun tagulla: nan da shekara ɗari wasu za su sauke tulun nan, wata mai farar safa ta karanta musu sunan Otmar Beranek cikin rubutu mai kyau, shi kuma da ya ba garin nan gwiwoyinsa da bayansa ya shige cikin "mutanensa". Ba ya da ɗa namiji da ya gaji sana'ar, ba ya da sunansa a jikin mota. In bai shiga tulun nan ba, to bai shiga ko'ina ba.

Cikin watan Oktoba aka gama rufin. Otmar ya shigo shagon aiki yana jan ƙafa, riƙe da takarda a nannaɗe an ɗaure ta da jan zare, ya ajiye kusa da sabon bututun.

"Ga ta nan, Venda. Ka liƙe, amma kada ka karanta."

"Me zan karanta? Na san abin da ke ciki."

"Ba ka sani ba. Kuma na san halinka, ina juya baya za ka kwance zaren."

"Ni? Wasiƙarka ta ƙauna ga kanka zan ɓata idona a kai?"

"To rantse."

"Na rantse da kabarin uwata ba zan karanta ba. Ka ji daɗi? Fita ka ba ni wuri, kana tare mini haske."

Otmar ya fita yana dariya. Vendelin ya daɗe yana kallon takardar. Mutum ne da bai taɓa karya rantsuwa ba, kuma bai yi niyyar farawa da tsufansa ba. Sai dai ya lura da wani abu: ya rantse ba zai karanta ba, bai rantse zai saka ba.

Ranar ya koma gida da wuri, Svatava ta tafi wurin 'yarsu. Ya share teburin kicin, ya zauna da biro. Sau uku yana yagewa. A ta huɗu ya rubuta cewa wannan rufi Vendelin Kubat na Karlin ne ya yi shi da hannunsa yana da shekara sittin da uku, sannan ya jera sunayen mutum huɗu da suka hau tare da shi. Biyu daga cikinsu 'yan Yukren ne, sai da ya buga musu waya suka faɗa masa harafi bayan harafi, suna mamakin abin da ya sami tsohon. Wannan ya kwantar masa da hankali ƙwarai, ya ce wa kansa adalci yake yi wa talakawa. Sunan Otmar kuwa bai sa ba, ko a gefe. Washegari ya cusa takardarsa a bututun, ya zuba dalma ya yi liƙin da bai taɓa yin mai kyansa ba, ya jefa ta Otmar a ƙasan akwatin kayan aikinsa.

Ranar mayar da tulu Fada ya yi addu'a, aka ɗauki hotuna, Otmar ya shafa bututun kafin a miƙa sama. Vendelin ya hau da shi a cikin rigarsa, ya sa shi tare da tsofaffin huɗun, ya rufe tulun ya liƙe wuyansa, aka kafa gicciye. Ya tsaya a can yana duban garin, fadar sarakunan da a kan tudu, kogi da gadojinsa, ya leƙo ƙasa ya hango farar hular nan ƙanƙanuwa. Wallahi daɗi ya ji, daɗin da rabonsa da shi tun yana saurayi. Bayan mako biyu aka kwance ƙarafan hawa aka loda a mota.

Ranar Asabar da rana Otmar ya haɗa masa walimar sallama a wani gidan giya da ke kusa da cocin. Aka ci gasasshen alade da kabeji, aka sha, aka yi masa tsiya a kan rashin gaisuwarsa, har shi ma ya ɗan murmusa. Da mutane suka fara raguwa, Otmar ya jawo kujera kusa da shi, fuskarsa ta yi ja, ya tambaye shi tsakani da Allah ko ya karanta. Vendelin ya ce bai karanta ba.

"Madalla," in ji Otmar. "Da ka karanta da ban iya haɗa ido da kai ba. Wata guda na yi ina rubuta ta, ko kwafi ban ajiye ba don kada matata ta gani ta yi mini dariya. Yanzu dai ta fi ƙarfinka, sai ka yi fiffike."

Svatava da ke gefe ta tambayi abin da ya rubuta haka. Otmar ya ce ba zai faɗa ba, amma ta riƙa ɗaga kai in ta bi ta lungun nan, domin mijinta yana can sama. Ta kama hannun Vendelin ta matse.

Da safiyar Lahadi ya ce zai sauka ɗakin ajiya na ƙasa ya jera kayan aikinsa. Ya zauna a kan buhun dankali da takardar a hannu, ya roƙi uwarsa gafara, ya kwance jan zaren. Rubutun nan ne dai mai sa mutum haushi don kyau.

"Ku da kuka buɗe wannan tulu, sunana ba zai amfane ku da komai ba, takardu kawai nake sa wa hannu. Wanda ya yi rufin da kuka taka kuka hau sunansa Vendelin Kubat. Mutum ne mai baƙin rai, ba ya gaisuwa, kuma bai taɓa cewa aikin wani ya yi kyau ba. Hasumiya sittin da biyu ya rufa a garin nan, na jera muku su a baya, ku je ku duba ko akwai mai yoyo. Ya taɓa riƙe ni da hannu ɗaya a bakin rufi har aka kawo igiya, bai kuma taɓa tuna mini ba. Shekara talatin da uku ke nan ina tsayawa a ƙasa kowace safiya ina kallonsa a sama, kuma babu ranar da ban yi ƙyashinsa ba. Ban iya faɗa masa ba, shi ya sa nake faɗa muku."

Shafi uku ne. Akwai labarin tankoki da dukan da ya sha, akwai yadda yake lanƙwasa bakin tagulla ta hanyar da ba a koyarwa a makaranta, har da zane. Sunayen mutum huɗun nan ma suna ciki, an rubuta na 'yan Yukren daidai da haruffansu. A bayan shafi na ƙarshe ga hasumiyoyin a jere da shekarunsu, har da wata ɗaya da shi kansa ya manta ya hau.

Ya karanta sau biyu. Kunya ta rufe shi, irin wadda take sa mutum zufa a ɗaki mai sanyi. Kuma don ka san hassada ba ta mutuwa da sauƙi, a cikin kunyar ma sai da ya ji haushi, wato ko a nan ɗin Otmar ya fi shi. Ya yi tunanin hawa tudun Smichov ya ajiye masa takardar a kan tebur ya faɗi gaskiya. Ya tuna fuskar mutumin jiya, yadda yake murna kamar wanda ya sauke kaya, ya san ba zai iya ba. Svatava ta leƙo daga saman bene tana tambaya ko dankalin yake ƙirgawa, ya ce yana zuwa.

Ranar Litinin, ranarsa ta farko ba aiki, ƙarfe takwas ta yi masa a lungun cocin, takardar tana cikin aljihun rigarsa. Ya zaga hasumiyar ta gabas, ya zaga ta yamma, yana auna ta da ido. Babu tagar da ta kai kusa da tulun, babu inda igiya za ta kama, shi da kansa ya cire tsofaffin ƙugiyoyin don suna jawo tsatsa. Yana nan tsaye Fada ya fito da tsintsiya, ya yi mamakin ganinsa, ya ce ashe ritayar ba ta karɓe shi ba.

Vendelin, wanda bai taɓa kushe aikin hannunsa ba tun da aka haife shi, ya buɗe baki ya ce yana shakkar liƙin wuyan tulun. Ya ce ranar akwai iska, dalmar ba ta kama yadda yake so ba, ruwa zai shiga, gara a sake kafa ƙarafa ko na kwana uku ne ya hau ya duba, ba sai an biya shi ba.

Fada ya jingina tsintsiyar ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba, malam Kubat. Ruwan da aka yi ranar Alhamis ai ka gani. Da kaina na hau har ƙarƙashin rufin da tocila, ko ɗigo babu. Kuma wa zai ba mu izinin sake tare lungun nan? Abokinka ya ce mini in kwantar da hankalina, tulun da ka liƙe ba mai sake taɓa shi sai nan da shekara ɗari da ashirin."

Vendelin ya ɗaga kai ya dubi tulun yana ƙyalli a cikin rana. Shi ya yi liƙin, ya san ɗari da ashirin ɗin ma Otmar ragewa ya yi.